Wasiƙar Ƙauyen Alu: Akwatin da Ke Ciyar da Kwamfuta Wuta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina na kullum, in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin abin da ya same ni.

Ina da kwamfuta a shagona a nan Ƙauyen Alu, da ita nake buga wa mutane takardu in ciyar da iyali. Da bazara ta kama sai ta tsiri wani hali: ana cikin aiki ta mutu, ta sake tashi, abin da aka rubuta ya salwanta. Ran nan sai da na buga wa wani yaro takardar neman aiki har sau uku. Na zargi wutar gari, na zargi janareta, ashe duk alhakinsu na ɗauka. Da na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre, sai ya buɗe akwatin da ke karɓar wuta ya rarraba wa na'urar, ya nuna mini kafasita biyu sun kumbura kamar ƙosai.

To jama'a, ga yadda akwatin nan yake aiki. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Kwamfuta kuwa ba ta cin irin wannan, sai miƙaƙƙiya marar rawa, bolt 12 da 5 da 3.3. A da, da ƙaton tiransifoma ake rage ta, rarar ta tafi a zafi. Na yanzu yakan miƙar da wutar ta kai wajen bolt 325, sa'an nan tiransista ya dinga yanka ta, yana buɗewa yana rufewa sau 50,000 ko fiye a daƙiƙa. Saboda saurin nan ɗan ƙaramin tiransifoma ya wadatar. Akwai kuma ɗan aike mai komawa ya faɗa ko wutar da ke fita ta yi yawa ko ta gaza, tiransista ya gajarta buɗewa ko ya tsawaita. Kwamfutar Apple II da ta fito a Amurka a 1977 da irin wannan akwati ta zo, injiniya Rod Holt ne ya tsara shi. Cajar wayarka ma dabarar ke nan.

Kafasita ita ce randar da ke tara yankakkiyar wutar nan ta sake ta a natse. A cikinta akwai ruwan magani, zafi kuwa yana ƙafar da shi. Ƙa'idar masu ƙera ta ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwananta biyu. Ku duba fa, a Kano cikin watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka.

Abin da ya ƙayatar da ni, mai gyaran bai mayar da irin wadda ta lalace ba. Ya cire mai jure digiri 85 ya sa mai jure 105, irin wadda aka yi domin wuta mai saurin yanka. Ya ɗan nesanta ta daga ƙarfen da ke ɗaukar zafi, ya sake dalmar da ta tsage, ya share fanka. Kana ya ɗaura wa akwatin ƙwan fitilar mota, ya bar shi awa guda yana auna wutar. Na ce, "Malam, ai fitila ta kama, me ya rage?" Ya ce jaki ba a sanin ƙarfinsa sai an aza masa kaya. A ganina nan ne masu gyara da yawa suke gajen haƙuri, mu masu kaya kuma mu muke azalzalarsu.

Gargaɗi ɗaya, don Allah. Babbar kafasitar da ke gefen wutar gari takan riƙe wuta bayan an zare waya daga bango, tana kuwa iya kisa. Wanda bai koya ba kada ya buɗe akwatin.

Ni dai tun ranar kwamfutata ba ta ƙara mutuwa ba, na kuma sauke ta daga jikin taga inda rana ke dukanta.

Haza wassalam.

Naka,
Mai buga takardu, Ƙauyen Alu, Kano.