Tesla Roadster: Motar attajirai da magadanta suka fito daga wani gida

A watan Fabrairun 2018 aka ɗora wata jar mota a kan rokar Falcon Heavy aka harba ta sararin samaniya, da mutum-mutumi cikin kayan 'yan sama-jannati zaune a mazaunin direba. Har yanzu tana can tana kewaya rana. Wannan hoto shi ne abin da yawancin mutane kan tuna idan aka ambaci Tesla Roadster, kuma abin takaici ne, domin aikin da motar ta yi a ƙasa ya fi wannan wasan kwaikwayo nauyi nesa ba kusa ba.

Kafin shekarar 2008, motar lantarki abar tausayi ce a idon masu saye: 'yar kurkurar mota mai tafiyar hawainiya, wadda ba ta nisa cajinta ya ƙare. Kamfanin General Motors ya ƙera wata mai suna EV1 tsakanin 1996 da 1999, ya bayar da ita haya maimakon sayarwa, daga baya ya karɓe motocin ya murƙushe mafi yawansu. Manyan kamfanonin mota sun riga sun yanke hukunci cewa batir bai kai ba, kuma jama'a ba sa so.

Injiniyoyi biyu ne, Martin Eberhard da Marc Tarpenning, suka ƙi amincewa da hukuncin, suka kafa Tesla Motors a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2003. Elon Musk ya shigo da jarinsa a 2004 ya zama shugaban hukumar kamfanin. Na ambaci sunayen nan biyu da gangan, saboda labarin da ake yawan bayarwa a yau ya kusa share su. An sauke Eberhard daga shugabancin kamfanin a 2007, tun kafin motar ta shiga hannun mai saye ko ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hikimarsu ita ce ba su tsaya jiran a ƙirƙiro sabon batir ba. Sun ɗauki ƙananan baturan lithiyam irin waɗanda ke cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, guda 6,831, suka harhaɗa su wuri guda, suka bi su da ruwan sanyaya da na'urar da ke lura da zafinsu don kada ɗaya ya kama wuta ya cinye sauran. Gangar jikin kuwa kamfanin Lotus na Ingila ne ya yi musu, bisa ƙirar motarsa Elise. Abin da ya fito shi ne mota mai cin kimanin kilomita 390 da caji ɗaya, wadda kan tashi daga tsaye ta kai gudun kusan kilomita 100 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu.

Ba za a ce motar ba ta da aibu ba. Kujera biyu ce kacal, farashinta ya haura Dala 100,000, giyarta ta farko mai hawa biyu ta yi ta lalacewa har sai da aka sauya ta da mai hawa ɗaya. A ƙarshen 2008 kamfanin ya kai bakin durƙushewa. Jarin Dala miliyan 50 da Daimler ya zuba a 2009, da rancen Dala miliyan 465 daga gwamnatin Amurka, su suka ba shi damar ci gaba da numfashi, abin da masu wa'azin cewa kasuwa ita kaɗai ke haifar da ci gaba ba su cika son tunawa ba. Zuwa 2012 da aka daina sayar da ita, ba a yi fiye da kimanin 2,450 ba, adadin da bai kai abin da Toyota ke ƙerawa a yini guda ba.

Mai suka zai iya cewa, to me ya yi zafi a kan kayan wasan attajirai? Amsar ita ce gani ya kori ji. Bayan Roadster, babu wani shugaban kamfanin mota da zai sake tsayawa gaban masu hannun jari ya ce abin ba zai yiwu ba. Bob Lutz, wanda yake babba a General Motors a wancan lokaci, ya sha faɗa a fili cewa ganin abin da wannan ƙaramin kamfani ke yi ne ya sa ya matsa a ƙera Chevrolet Volt. Ba ina cewa duk motar lantarkin da ta biyo baya 'yar Roadster ba ce. Nissan, alal misali, ya daɗe yana nasa binciken kafin ya fitar da Leaf a ƙarshen 2010. Abin da Roadster ta yi shi ne ta kashe uzuri, ta kuma sa mai kuɗi ya yi sha'awar motar lantarki don daɗinta, ba don tausayin muhalli ba.

Sai dai akwai alkawarin da aka rataya mata, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a yi adalci wajen rabon gadon. A watan Agustan 2006 Musk ya wallafa tsarinsa: a ƙera motar tsere, a yi amfani da kuɗinta a ƙera mai sauƙin farashi, da kuɗin wannan kuma a ƙera wadda ta fi ta sauƙi. Model S ta fito a 2012, Model 3 a 2017, wadda aka yi wa alkawarin farashin Dala 35,000. Daga nan tsanin ya tsaya. Motar mai ƙaramin ƙarfi ba daga Kalifoniya ta fito ba, daga Shenzhen ta ƙasar Sin ta fito. BYD, wanda ya fara a 1995 a matsayin mai yin baturan da ake cajawa, ya fitar da Seagull a 2023 a kan farashin da bai wuce Dala 10,000 da 'yan kai ba a gida, kuma a watanni ukun ƙarshe na shekarar ya zarce Tesla wajen sayar da motoci masu aiki da batir zalla. Shi ma da goyon bayan gwamnatinsa ya kai nan, kuma ya jingina da wani nau'in batirin lithiyam mai arha wanda ba ya buƙatar ma'adinin kobalt.

Shi kuwa Tesla, a watan Nuwamban 2017 ya sanar da sabuwar Roadster, ya karɓi kafin alƙalami na Dala 50,000 daga masu sha'awa, ya ce sai 2020. Shekarar ta zo ta wuce, wasu suka biyo bayanta, ba a ga mota ba.

Ainihin abin da tsohuwar motar ta bari, a ganina, batir ne, ba mota ba. Da masana'antun mota suka shiga neman baturan lithiyam da yawa, farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa yau. Wannan faɗuwar ce ta iso mana nan. Ita ce ta sa mai haɗa sola a Abuja ko Kano yake iya ba magidanci shawarar ya bar tsohon batirin dalma mai ruwa ya koma na lithiyam, ita ce kuma ta sa ake ganin Keke Napep mai lantarki a titunan Maiduguri, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Rabonmu a wannan gado yana da fuska biyu da ya kamata masu tsara manufofi su dube su tun yanzu. Ana haƙar lithiyam a Jihar Nasarawa, amma yana fita ne ya dawo mana a matsayin batirin da muke saye da Dala. Sannan mu kasuwar motocin Tokumbo ce: abin da Turai da Amurka suka hau suka gaji, shi ke sauka a tashar Legas bayan shekara goma. Motocin lantarkin da aka sayar can a shekarun baya suna tafe da baturan da suka fara tsufa, kuma wanda zai buɗe cikinsu shi ne bakaniken Apo da ya koyi sana'arsa a kan fulogi da bakin mai. Irin wannan batir yana ɗauke da wutar da ta kai ɗaruruwan bolt, isasshiya ta kashe wanda ya taɓa ta ba da sani ba.