Zauren Ɗalibai: Gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya

Ranar Juma'ar da ta wuce muka hau mota daga tashar Kazaure za mu Ɓaɓura, tare da wasu ɗalibai huɗu da aka sallamo hutu. Direban, wani dattijo, ya kunna wata tsohuwar waƙa: murya ɗaya, kiɗa siriri, ba ganga ba 'yan amshi. Muka tambayi ɗaliban ko sun san mai waƙar. Ɗaya ya ce Shata ne. Sauran suka koma kan wayoyinsu.

Ɗan Maraya Jos ne, kuma waƙar ita ce ta Karen Mota. Sunansa na yanka Adamu, an haife shi a Bukuru a 1946, ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, daga nan laƙabin ya samo asali. Abin kiɗansa kuntigi: gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak. A zamanin da mawaƙa ke bin fada da gidajen attajirai, shi sai ya ɗauki wannan ɗan abu ya yi wa yaron mota waƙa, mai kiran fasinja, mai canza taya, mai turin mota idan ta mace a hanya.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne yaron motar tamu. Bai wuce sa'an waɗannan ɗalibai ba. Shi ya ɗora musu akwatuna, ya kuma maƙale a bakin ƙofa duk tsawon tafiyar. Da muka tambaye shi, ya ce a aji biyu na ƙaramar sakandare ya tsaya. Waƙarsa ake yi a cikin motar, amma bai samu sukunin saurare ba. Kowannenku, daga Roni har Gwiwa, ya san wani ɗan ajinsu da aka daina kiran sunansa a rajista ba tare da an ce komai ba.

Irin wannan waƙa takan yi dogon barci ta farka. A ƙasar Jafan an yi wata mawaƙiya, Morita Doji, wadda kullum fuskarta na bayan baƙin tabarau, ta kuma bar waƙa a 1983. Wata waƙarta mai sanyaya jiki ta 1976 sai da aka sa ta a wasan talabijin na labarin makaranta a 1993 sannan matasa suka yi ta rububinta.

Mu ba sai mun jira talabijin ba. A wannan hutu ku je wajen masu tura waƙoƙi a kasuwa a saka muku ta Karen Mota, ku saurara tare da kakanninku, ku tambaye su inda suka fara jin ta. Ku rubuto mana amsarsu, da sunan makarantarku. Wasiƙu uku za mu buga a mako na sama.