Daga Kiɗan Gem Zuwa Sarewar Dajin Birnin Gwari

  

A wannan mako za mu haɗa abu biyu da ba a saba ganinsu a inuwa ɗaya ba: kiɗan da ke tashi a cikin wasannin gem na wayoyinmu, da kayan kiɗan da kakanninmu suka bar mana. Ku biyo mu a hankali, za ku ga inda suka haɗu, da kuma abin da ya shafi Birnin Gwari a cikin maganar.

Duk wanda ya taɓa buga Super Mario, ko a gidan gem ko a wayar yayansa, ya san ɗan kiɗan nan da ke maƙalewa mutum a ka har ya kwana yana maimaita shi. Wani mutumin Japan mai suna Koji Kondo ne ya tsara shi a 1985. Na'urar Nintendo ta wancan zamani ba ta iya fitar da sauti fiye da kala biyar a lokaci guda. Saboda haka mai tsara kiɗa ba shi da wurin ɓuya: ko dai karin ya yi daɗi shi kaɗai, ko kuma a kashe sautin. Wannan ƙuncin ne ya haifar da kari mai ƙarfi, wanda za a iya cire shi daga na'ura a ɗora shi a kan kowane abin kiɗa, kuma a gane shi nan take.

Abin da wasu masoya gem ke yi ke nan a ƙasashe da dama. Sai su ɗauki karin wasan da suke so, su kaɗa shi da kayan gargajiya, su naɗa, su saka a YouTube. Ɗaya daga cikin salon da ya fi farin jini a wurinsu shi ne na Keltik, wato kiɗan gargajiyar mutanen Ayalan da Sikotilan da Wels, can yankin da ke maƙwabtaka da Ingila.

In kun ga kayan kiɗan nasu sai kun yi dariya, don kusan kowanne yana da ɗan uwa a wurinmu. Suna da goge irin na Turawa mai tsirkiya huɗu. Suna da 'yar sarewar ƙarfe mai huda shida. Suna da ganga mai faɗi da ake rufawa da fatar akuya, kamar bandirinmu. Suna da algaitar jaka, irin wadda kuke gani a hannun 'yan badujalar soja da na 'yan sanda ranar fareti. Sai kuma wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da suke kira haf, wanda darajarsa ta kai har hotonsa ne a jikin kuɗin ƙarfe na Ayalan.

Su kansu masu tsara kiɗan gem sun buɗe wannan ƙofa tun da wuri. A 1991 aka fitar da faifai mai suna Celtic Moon, inda wata gwanar goge 'yar Ayalan, Máire Breatnach, ta sake wa kiɗan wasan Final Fantasy IV na Nobuo Uematsu riga da kayan gargajiyarsu. A 1998 Yasunori Mitsuda ya yi irin haka da kiɗan wasan Xenogears a faifansa Creid. Daga nan masoya suka karɓa. Kada kuma a ɗauka wasan yara ne: a 2022 wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka, The 8-Bit Big Band, ta ci kyautar Grammy saboda sake tsara wani kiɗa na wasan Kirby, duk da cewa su da salon jaz suka yi nasu.

Yaya ake yin aikin?

Da farko sai a tsame karin shi kaɗai, a watsar da ƙarar harbi da tsalle da sauran hayaniyar wasan. Sannan a sauya masa tafiya. Mutanen Ayalan suna da kiɗan rawa mai tafiya da bugu uku-uku, da wani mai tafiya da bugu huɗu-huɗu, sai mai aikin ya zaɓi wanda ya dace. Daga nan a ba sarewa ko goge jagorancin karin, ganga ta riƙe taki. A ƙarshe a yi masa ado: a ɗan karkaɗa yatsa a wata gaɓa, a ja wata, a maimaita karin amma kowane zagaye da ɗan sabon abu. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, amma mai saurare yana ji ya san wannan kiɗan gem ɗinsa ne.

Wurin da gwaninta take fitowa shi ne inda abin kiɗan ya kasa kai wa ga wani sauti. Sarewar makiyayi tana da huda kaɗan, ba kowane hawa da saukar karin gem take iya bi ba. Dole mai busa ya nemi dabara: ya rufe rabin huda, ko ya musanya sautin da makusancinsa. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan matakan sauti biyar yake tafiya, haka ma tsofaffin waƙoƙin Sikotilan da yawa. Shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin baƙunta sosai idan ya saurare su.

Mu ma fa ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce a kan yadda makaɗan Hausa suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin fina-finan Indiya suna mayar da su gida. Ya kawo misalin Abdu Yaron Goge, wanda ya ɗauki wani kari daga fim ɗin Rani Rupmati ya goga shi da gogensa. A Kano kuma masu bandiri, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya, sun ɗora begen Manzon Allah (SAW) a kan karin waƙoƙin Indiya. Abin da samarin Turai da Japan ke yi da gem yau, iyayenmu sun yi shi da silima tun kafin a haife mu.

Hanyar kuma tana tafiya ta ɗaya ɓangaren. Kiɗan wasan Tetris da duniya ta sani tsohuwar waƙar gargajiyar Rasha ce, aka sa ta a na'urar Game Boy a 1989. Ƙarar wayar Nokia da kowa ya sani an yanko ta ne daga wani kiɗan jita da Francisco Tárrega, mutumin Sifen, ya tsara a 1902. Ashe tsohon kari yana iya shiga na'ura ya zagaye duniya. Sharaɗin kawai shi ne ya kasance wani ya adana shi kafin ya ɓace.

Abin da ke gabanmu a Birnin Gwari

A wasan The Legend of Zelda: Ocarina of Time na 1998 akwai wani daji da ake ɓacewa a cikinsa. Hanyoyinsa duk kama ɗaya, mai wasa ba ya gane inda zai bi sai ya kasa kunne: ɓangaren da kiɗa ya fi ƙarfi, nan ne hanya. Yaran duniya suna jin daɗin wannan daji na ƙarya. Mu kuwa muna da na gaske. Gandun dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun ƙasa a 1999, ya kai murabba'in kilomita 1,121. Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani sun daɗe suna zaune a kewayensa, kowa da kiɗansa: makiyayi da sarewarsa, manoma da gangar noma ranar gayya, maharba da komo, maƙera da dundufa, mahauta da kalangu, mata da shantu da kiɗan ƙwarya, 'yan mata da gaɗa a dandali da farin wata.

Kun fi mu sanin abin da ya faru da wannan daji. Shekara da shekaru 'yan bindiga suka mayar da shi maɓoya. An tashi ƙauyuka, an bar gonaki, makarantu da yawa sun rufe, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin fargaba. Ana lissafa asarar rayuka da dukiya, kuma ita ce babba. Amma akwai wata asara da ba ta shiga lissafi. Idan babu gayya, wa zai kaɗa gangar noma? Idan babu dandali da dare, a ina yarinya za ta koyi gaɗa? Yaron da aka haifa a gudun hijira, a ɗakin haya a Kaduna ko Zariya ko Funtuwa, ya san kiɗan Free Fire da Subway Surfers, amma bai taɓa jin taken garinsu ba. Tsohon da ya iya shi yana zaune a ƙofar gida, babu mai tambayarsa.

Mutanen Ayalan sun taɓa tsayawa a irin wannan mararraba. A 1792 aka tara ragowar makaɗan haf a birnin Belfas, su goma sha ɗaya, da yawansu tsofaffi, wasu makafi. Aka ɗauko wani saurayi ɗan shekara 19, Edward Bunting, aka ce ya rubuta abin da suke kaɗawa. Ya rubuta, ya bi wasu har gida, daga baya ya fitar da littattafai uku. Da ba don shi ba, da yawan waɗannan kaɗe-kaɗe sun bi masu su kabari. Bayan haka yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe kimanin mutum miliyan guda a ƙasar, wasu kamar haka suka yi hijira. A can Amurka wani ɗan Ayalan, Francis O'Neill, wanda ya zama shugaban 'yan sandan Shikago, ya riƙa bin 'yan ƙasarsu yana tattara karin da suka zo da shi a ka. A 1903 ya buga littafi mai ɗauke da kari 1,850. Yau UNESCO ta sa algaitar jakar Ayalan da haf ɗinsu a jerin kayan gadon duniya, a 2017 da 2019. Saurayin da ke busa kiɗan Zelda da sarewar ƙarfe a YouTube yana cin guminsu ne.

Ku lura da shekarun Bunting. Da kaɗan ya girmi ɗan aji shida na sakandare, kuma alƙalami da takarda kawai yake da su. Mu kuwa waya muke da ita. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta yi shekaru a rufe, mutane suka fara komawa gonakinsu. Muna roƙon Allah Ya sa ya ɗore. Wannan ɗan sarari da aka samu shi ne lokacin tattara abin da ya rage.

Aikinmu na wannan zango

Na farko, kowa ya nemi dattijo ko dattijuwa ɗaya a gidansu ko unguwarsu. Ku gaishe su da ladabi, ku nemi izini, sannan ku naɗi waƙar daka ko ta gaɗa ko ta noma, ko busa, ko kirarin gari. Ku rubuta sunan waƙar, garin da ta fito, lokacin da ake yin ta, da ranar da kuka naɗa. Ku ajiye a wuri biyu, a waya da kuma a memori. Ku tuna lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu a ƙarshen 2021: abin da ke cikin memori shi ya zauna tare da mu.

Na biyu, idan a kusa da ku akwai mai sarewa ko gurmi ko kukuma, ku kunna masa kiɗan gem da kuke so, ku ce ya gwada. Ku zuba ido ku ga yadda zai lanƙwasa shi. Daga nan sai ku roƙe shi ya koya muku nasa. Abin kiɗa yana rayuwa ne idan yana faɗin abin da matasa ke son ji, kuma ta wannan ƙofa ake shiga a tarar da tsohon karin. Kada rashin kuɗi ya hana ku. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, na gwangwani da fata, ya yi suna har ƙasashen waje.

Na uku, ku kai wa malamin Hausa ko shugaban ƙungiyar Hausa ta makarantarku abin da kuka samu, a ware masa lokaci ranar al'adu.

Ga sharuɗɗa kuma. Kada kowa ya shiga daji ko ya tafi wani ƙauye da sunan neman waƙa. Wanda ke kusa da kai ya ishe ka. Kada a ɗora muryar kowa a intanet sai da yardarsa, kuma a ambaci mai ita. Kiɗan gem yana da masu shi, ba a sayar da shi ba tare da izini ba, kuma ba a cewa ni na ƙirƙira. Mun san akwai gidajen da ba a son yaro ya kusanci kiɗa. Umarnin iyaye ne a gaba. Wanda aka hana sai ya tattara tatsuniya da kacici-kacici da karin magana da tarihin garinsu, duk taska ɗaya ce. Sannan kada gem ya cinye lokacin karatu: littafi tukuna.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wata rana a cikinku wani zai ƙirƙiri gem da labarin ƙasarmu, zai buƙaci kiɗan da zai sa a ciki. Idan mun yi aikinmu yau, zai tarar da sarewar Kuyello da gangar Randagi da gaɗar Dogon Dawa suna jiransa.

Wanda ya gwada, ya rubuto mana ta hannun editan wannan shafi, ya faɗa mana abin da ya samo da garin da ya fito. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.