Ɗakin Talakan Zango Ya Fi Filin Ƙwallo Cancantar Tallafi

Duk kakar zaɓe 'yan siyasa kan shigo zangunanmu da alkawarin kwalta da fitilun titi da filayen ƙwallo, mu kuwa mu yi ta tafi. Babu mai ɗaga kai ya dubi rufin da muke kwana a ƙarƙashinsa. Daga Nima har Aboabo, daga Sabon Zango har Tamale, ɗakin talaka kwano ne tsirara, babu silin, taga ɗaya tak idan an yi dace.

Kwano ba ya riƙe amana. Da rana ya kwashi zafi ya juye wa na ciki, har a watan Maris a Tamale jariri ya kasa barci, tsoho ya kasa numfashi. Idan hunturu ya kama, kwanon nan dai shi ke sakin ɗan ɗumin da ya rage, sai a shigar da kurfoti ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga. Garwashi kuwa yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari balle launi, mutum ya kwanta lafiya a wayi gari ana salati. Ga kuma iyayenmu mata masu koko da waken shinkafa, waɗanda ke shaƙar hayaƙi tun asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Kakanninmu sun san maganin wannan. Katangar ƙasa mai kauri da soron azara sukan tsare zafi da rana, su riƙe ɗumi da dare, kuma masallacin Larabanga yana nan tsaye shaida ga ƙarkon ginin ƙasa. Cunkoson Nima ba zai bar mu mu koma ga tubali ba, amma hikimar tana nan: a sa shamaki tsakanin mutum da rana. Silin ko da na tabarma ne, farin fenti a bayan kwano, tagogi biyu masu kallon juna, aiki ne na kwana biyu ga kafintan unguwa.

Masu cewa lalaci ne ya hana talaka yi wa kansa ba su san gidan haya ba. Mai gida ba ya kwana a ɗakin, don haka zafin bai dame shi ba. Ɗan haya kuma ba zai gyara rufin da ba nasa ba, bayan an karɓe masa kuɗin shekara biyu gaba ɗaya, alhali dokar haya ta 1963 ta ƙayyade wata shida. Haka batun gas yake. Gawayi ana sayensa ƙulli-ƙulli kullum, tukunyar gas da murhunta kuwa sai an tara kuɗi a dunƙule. Saboda haka talaka ke biyan tsada a hankali, da aljihunsa da huhunsa.

Za a ce mana Ghana ta taɓa tallafa wa gas, masu tasi suka juya injinansu suka shanye rahusar, har aka janye tallafin a 2013. Gaskiya ne, amma laifin na tsari ne. An zuba tallafi a farashi, wanda ya fi saye shi ya fi morewa. Wasu ƙasashe sun bi gida-gida. Indiya ta fara raba tukunyar gas da sunan matan gidajen talakawa a 2016. Faransa ta kafa shirin MaPrimeRénov' a 2020, inda take biyan wani kaso na gyaran rufi da na'urar ɗumama gida, mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun kaso mai tsoka.

Mu ma muna da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. A 2017 majalisa ta kafa Asusun Raya Zanguna da sunanmu. An shimfiɗa filayen ciyawar roba, matasa sun ji daɗi, ba ma raina wannan. Sai dai yaron da ya taka leda na awa biyu ɗakin kwano zai koma ya kwana.

Buƙatunmu uku ne. A ware kaso daga asusun domin silin da fenti da tagogi, bisa sharaɗin kada mai gida ya ƙara kuɗin haya bayan gyara. A bai wa mata masu ƙaramin ƙarfi tukunya da murhu da sunansu. A kuma samar da ƙananan tukwane da za a iya canzawa da kuɗi kaɗan, domin tukunyar da ba a iya cikawa kujera ce kawai.

Sarakunan zango da limamanmu, ku ne ake kai wa gaisuwa kafin zaɓe, to ku gabatar da wannan kafin a zauna. Attajiranmu kuma, masu rige-rigen ƙawata masallaci da tayil, ku tuna rufin marayu da zawarawa. Sanyaya ɗakin da tsohuwa ke kwana shi ma sadaka ce mai gudana.