Kafin A Share Kwamfuta, A Fito Da Kayan Mutane

Jama'a, yau kwamfuta ta shiga kasuwa. Daga Bangi zuwa Madawa, Buza da Keita, da ita ake tura waƙoƙi da wa'azi cikin wayoyi, da ita ake buga takardu, wasu dillalan albasa ma a cikinta suke ajiye lissafin buhunan da suka ɗora da sunayen waɗanda suke bi bashi. To amma akwai wata ɓarna da ya kamata mu tattauna a kanta.

Idan wurin ajiya ya cika, sai yaron shago ya kama share abubuwan da bai san amfaninsu ba, har ya taɓa waɗanda Windows ke tashi da su. Washegari a kunna, ta ƙi tashi. A kai wa mai gyara, shi kuma babu tambaya sai ya yi mata fomat, wato ya share komai ya zuba sabon Windows. Kwamfuta ta tashi, amma lissafin shekara ya salwanta, wanda ake bi kuma ya ce a nuna masa rubutu.

Abin da muke so a gane shi ne, kwamfutar da ta ƙi tashi kamar shago ne da makullinsa ya ɓata, kaya suna nan ciki. Mai gyaran da ya san aikinsa yana iya tayar da ita da kile ta USB mai ɗauke da Linux, irin su Ubuntu, ya kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri, sannan ya gwada hanyar gyaran da ke cikin Windows ko za ta maido da abin da aka cire. Fomat sai an rasa yadda za a yi.

Ko manya haka suke yi. Ranar 19 ga Yulin 2024, wani gurɓataccen saƙo daga kamfanin CrowdStrike na Amurka ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8 da rabi a duniya, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi. Gyaran da kamfanin ya bayar shi ne a shiga a cire fayil guda, ba a share komai ba.

Ba masu gyara kaɗai ke da laifi ba. Mu ma muna matsa musu da gaggawa, muna ƙyashin biyan kuɗin kwashe kaya, alhali aiki ne mai cin lokaci.

Saboda haka muna kira ga ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a: kada a bar yaro ya share abin da bai sani ba, a gaya wa mai gyara ya fara fito da kaya, a biya shi haƙƙinsa. Lissafin bashi kuwa, a riƙa rubuta shi a littafi ma. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.