Lafiyar Iyali: Masassara Bayan Dashen Ƙoda

 

Ƴan uwa Musulmi, tun a shekarar 1988 Majalisar Fiƙihun Musulunci, a zamanta na Jidda, ta halatta mutum ya ba ɗan uwansa ƙoda bisa sharuɗɗa. Mutanenmu kan tafi Indiya ko Masar ko Tunisiya a yi musu dashe, mu tarbe su da murna, mu ɗauka wahala ta ƙare. Alhali a nan ne tsaro yake farawa.

Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira CMV. Yawancinmu mun ɗauke ta tun muna yara, ta yawu ko nonon uwa, tana kwance cikin jiki ba ta cutarwa. To, wanda aka yi wa dashe yana shan magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, don kada jikin ya ƙi sabuwar ƙodar. Sai ƙwayar ta samu hanyar farkawa, galibi cikin watanni 6 na farko, ko bayan an tsai da maganin rigakafinta. Hatsarin ya fi girma idan mai bayarwa yana da ita, mai karɓa kuwa bai taɓa yin ta ba.

Alamominta masassara ne da kasala, wani lokaci da zawo ko tari. A nan kuskurenmu yake: kowane zafin jiki mukan ce cizon sauro ne, mu aiki yaro farmasi. Kafin a ankara ta taɓa hanji ko huhu, ko ita kanta ƙodar da aka sha wahalar samu.

Ba a gane ta da ido, sai da awon jini. Kafin dashe akan auna mai bayarwa da mai karɓa. Bayansa akwai awon PCR, mai ƙididdige yawan ƙwayar cikin jini. Wasu likitoci sukan maimaita shi kowane mako har wata 3. Idan an gano ta da wuri, maganin valganciclovir yakan danne ta.

Don haka, kafin a baro asibitin waje, mu nemi sakamakon awon CMV na mutum biyun a rubuce, mu tambayi inda za a ci gaba da awon a gida. Duk masassarar da ta zo, a sanar da likitan ƙoda a ranar. Mai tawakkali sai ya ɗaure raƙuminsa tukuna, ƙodar nan kuwa amanar ɗan uwa ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu bayarwa da alheri.