Daga tamowa zuwa sha-ka-fashe

A yunwar 2005 ne likitocin ƙungiyar MSF suka sauka a Magarya. Magani ya zo, amma sau da yawa uwa ba ta kawo ɗanta sai ya galabaita, domin a wurinta ramar yaro ba ciwon asibiti ba ce. In yana zawo yana zubewa, haƙori ne. In ta yi rurrutsa, ai nonon ciki ya sha. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a ce iska ce ko kambun baka, a jiƙa saiwa, a yi turare, a karɓo rubutu. Ga kaka ta sa an matse dakashi an zubar, ta hana ƙwai wai kada yaro ya tashi da sata. Ni ban ga wautar matan nan ba. Wadda asibiti zai raba ta da gona a tsakiyar damina, ga kuɗin amalanke, dole ta fara da abin da ke kusa.

Gani da ido ne ya karya wannan tunani. Yaron da aka fid da rai da shi ya sha Plumpy'Nut, haɗin nan na gyaɗa da madara da sukari da mai, cikin makonni kaɗan kumatu suka dawo. Maƙwabciya ta gani, ba ta buƙaci wa'azi ba. Daga baya ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata a Mirriya auna damtsen yaro da kansu, da ɗan zaren awo mai tsanwa da rawaya da ja. In ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, a kama hanya. Abin ya bazu. Duk da haka aiki bai ƙare ba: a 2016 sai da aka buɗe wani sashen yara a Dungas don rage cunkoso, a daminar 2018 kuma MSF ta ce yara kusan goma ke rasuwa kowace rana a asibitin Magarya, zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa.

To, mutanen da suka sha wannan wuya, wa zai ce musu ƙiba ciwo ce? Mace ta murje, a ce miji ya iya kiwo. Alhaji ya aje tumbi, a ce arziki ya zauna. Budurwa biki ya matso, ta tsayar da mai tallan magani ta sayi sha-ka-fashe, wanda galibi dexamethasone ne. Fuska ta kumbura ta zaci ƙiba ce, alhali ƙwayar tana tayar da suga da hawan jini. Wadda kuma likita ya ce ta rage tuwo da mai, da ta fara faɗawa sai tambaya ta yi yawa: "Yaya, lafiya kuwa? Ko maigidan ne?" Kunya ta maida ita kan akushi.

Su ma manya sai sun gani da idonsu. Ma'aikatan lafiya na Magarya da Dungas, in uwa ta kawo ɗanta awo, ku ɗora ita ma a kan sikeli, ku auna jininta, ku nuna mata lambar ku gaya mata abin da take nufi.